Tankin Da Ya Sauya Wuri

Sarƙar ƙofar garejin na yashe a ƙasa lokacin da Sufeto ta iso. An datse ta gida biyu, kwaɗon kuma yana nan a kulle a jikinta. A tsakiyar garejin, tsakanin wata tsohuwar bas da aka cire wa inji da tulin tayoyi, akwai fili fayau inda mota ta kwana. Sawun manyan tayoyi ya fita ta ƙofa, ya hau kwalta, daga nan ya ɓace.

Sufeto mace ce gajera mai jiki, ba ta da saurin magana. Ta daɗe a sashen binciken sata. Abin da ta sani game da mota bai wuce a tayar a tafi ba, kuma ba ta jin kunyar faɗin haka. Ta zagaya filin a hankali, Kofur ɗinta na biye da ita. Babu fasasshen gilashi, babu guntun waya a ƙasa.

"Da makulli aka tayar da ita," in ji Kofur.

"Ai na faɗa tun ɗazu!" wani dogon mutum ya ce daga bakin ƙofa. "Ranki ya daɗe, aikin na ciki ne. A tambaye su makullin a hannun wa ya kwana."

"Kai ne mai motar?"

"A'a, direban gidan ne. Dogo ake ce mini. Ga mai motar nan."

Wata mata ce tsaye kusa da shi, sanye da takalmin shiga daji, ta rungume hannu tana kallon filin da babu komai. Likitar dabbobi ce. A can gefe kuma Baban Gareji na zaune a kan kifaffen bokiti, hularsa a hannu, kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Sufeto ba ta son jin magana a cikin taro. Ta sa aka buɗe mata ɗan ofishin garejin, wani ɗaki na katako mai tebur guda da fanka da ba ta juyawa, ta ce za ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Da Baban Gareji ta fara.

"Baba, wace irin mota ce, kuma wane aiki kuka yi mata? Yi mini bayani kamar kana yi wa wadda ba ta san komai ba, don ban sani ɗin ba."

Ya share fuska da hula. Ya ce jif ce tsohuwa amma mai ƙarfi, irin wadda ke tafiya inda babu hanya. Da farko aikin da aka ba su shi ne su ɗaga ta, su sa mata sifirin masu tauri da manyan tayoyi. Ana cikin aiki sai Likita ta bugo waya daga daji, ta ce tunda an fara a gama gaba ɗaya, a sauya wa tankin mai wuri. Tankin a ƙarƙashin ciki yake, kuma dutse ya sha huda mata shi a inda ko waya ba ta shiga.

"Sai kuka mai da shi ina?"

"Mun sauke tsohon, ga shi can bayan rumfa an rufe da buhu. Surukina ya ƙera sabo, muka ɗora shi a baya, bayan kujera, cikin akwatin ƙarfe mai murfi da ɗan kwaɗo. In kin gani sai ki ce akwatin kayan aiki ne. Ta nan ake zuba mai yanzu."

"Tsohon wurin zubawa fa, na gefen mota?"

"Yana nan, amma ado ne kawai. Ta ƙasa muka yanke bututun. Murfin ma ƙin buɗuwa ya yi, muka yi ta fama, muka haƙura muka bar shi."

"Akwai mai a sabon tankin?"

"Ɗan kaɗan, na gwaji. Ba zai kai mutum nesa ba. Gejin ma ƙanena bai haɗa ba tukuna, allurar na kwance a ƙasa kamar babu ko ɗigo."

"Makullin fa?"

Baban Gareji ya sunkuyar da kai. "Yana wurin surukina. Shi zai fita gwaji da ita yau da safe."

"Kana zarginsa?"

"Ranki ya daɗe, 'yata na ba shi. Amma makulli a aljihunsa ya kwana. Ban san abin da zan ce ba."

Bangon ofishin katako ne marar kauri. Da Sufeto ta ɗaga kai, ta hango inuwar mutum ta ja da baya daga jikin taga.

Na biyu ƙanen Baban Gareji ne, mai wayarin. Ya shigo yana huci tun kafin a tambaye shi.

"An ce jiya kun yi cacar baki da yayanka."

"Mun yi. Yaya so yake in haɗa waya kusa da tankin fetur da gaggawa, kamar ana ɗinkin maɓalli. Na ce ban yi, na ɗauki jakata na tafi."

"Ka tafi ina?"

"Asibiti. Surukata ce ba lafiya, can na kwana a kan benci. A tambayi masu jinya, har faɗa suka yi mini kan minshari."

Kofur ya fita ya buga waya, ya dawo ya gyaɗa kai. Mai wayarin ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ranki ya daɗe, ni ba na shiri da kowa a garejin nan, kowa ya sani. Amma Tartsatsi ba ɓarawo ba ne. Mutum ba ya ƙona yatsunsa a kan aiki irin wannan sannan ya sace shi."

Tartsatsi shi ne mai walda, surukin Baban Gareji. Dogo ne shi ma, hannuwansa duk tabon ƙuna. Ya ajiye makullai biyu a kan tebur ba tare da an ce ya ajiye ba, babba na mota da ƙarami na akwatin tanki.

"Ina kake da asuba?"

"Gida."

"Wa zai shaida?"

"Matata."

"Ban da ita?"

"Sai jaririnmu, shi kuwa bai fara magana ba."

Bai yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba. Idanunsa sun yi ja, kuma ko sau ɗaya bai kalli wajen da surukinsa yake ba. Sufeto ta gane inuwar wa ta gani a taga.

Likita ta shigo a gajiye. Ta ce wata cuta ta ɓulla a cikin shanun makiyaya da ke hayin kogi, allurar rigakafi na cikin sanyi a gidanta tun jiya, kuma babu motar da ke iya kai ta can sai wannan. In aka yi jinkiri, mutanen za su yi asarar da ba za su farfaɗo ba.

"Makulli nawa motar ke da shi?"

"Ɗaya, tun da na saye ta."

"Wa ke tuƙa ta?"

"Da Dogo ne, shekara da shekaru. Daga baya na koyi tuƙin daji da kaina, don wani lokaci sai in kwana a can ban shirya ba, shi kuma yana da iyali. Sai na mai da shi kai yara makaranta da ƙaramar mota. Ai shi ya sa ma na makara zuwa nan, yau ya zo a makare, ya ce tayar babur ɗinsa ta yi faci."

"Wa kika gaya wa maganar sauya wa tanki wuri?"

Likita ta yi tunani. "Babu kowa. Jiya da yamma na dawo daga daji. Ko maigidana ban gaya wa ba, kada ya ce na cika ƙaƙale."

"To, ci gaba da yin shiru a kai. Ko a cikin mota kada ki tayar da maganar."

Dogo kuwa a tsaye aka gama da shi. Ya ce shi ya kawo motar gareji ranar da za a fara aikin taya, kuma tun daga ranar bai sake sa ta a ido ba. Ya ƙara da cewa shi tun farko bai so a bar wa mai walda makulli ba.

Babu yadda Sufeto za ta yi. Makulli ɗaya ne, kuma an san aljihun da ya kwana a ciki. Ta ce a kai Tartsatsi caji ofis a ajiye shi, ba ankwa, ba duka. Ana sa shi a mota matarsa ta iso da goyo, mayafinta a hannu. Ba ta yi kuka ba. Wurin mahaifinta ta nufa.

"Baba, ka ce wani abu mana. Baba!"

Baban Gareji ya juya hularsa, bai ɗago ba. Sufeto ta kau da kai. A aikinta ta sha tsare mutanen da ta tabbata su ne, ta koma gida ta yi barci. Wannan kuwa ya tsaya mata a rai.

A mota Kofur ya ce, "Ranki ya daɗe, in muka matsa masa kafin azahar zai faɗi inda ya kai ta."

"Bari wannan. Ka ce kai ne ka saci mota, ka hau titi, ka duba geji ka ga allura a kwance. Ina za ka fara zuwa?"

"Gidan mai."

"To, mu je gidan mai."

Suka bi hanyoyin da ke fita gari, suna tsayawa a kowane gidan mai da ke buɗewa da sassafe. Na farko ba su ga komai ba. Na gaba ma haka. Rana ta fara zafi, Kofur ya fara duba agogo, sai suka iso wani ƙaramin gidan mai a ƙarshen gari. Tun daga nesa Sufeto ta ga an zuba yashi a gaban famfo guda, an kuma gindaya benci don kada mota ta tsaya a wurin. Wata mata mai rigar ma'aikata na zaune a gefe ba takalmi, ta shanya silifas ɗinta a rana.

"Sannu da aiki, 'yar'uwa. Me ya zube a nan?"

"Hmm, ranki ya daɗe, yau na ga abin da ban taɓa gani ba, kuma ni aka ɗora wa laifi. Manaja cewa ya yi barci nake."

Ta ba su labari. Gari bai gama wayewa ba wata jif mai tsawo ta shigo, tayoyinta sababbi fil. Direban ya ce a cika. Ta je buɗe murfin gefe, ya ƙi, har farcenta ya karye. Ta nuna musu farcen.

"Sai ya sauko yana tsaki. Bai ko duba ba, ya dunƙule hannu ya bugi murfin a kusurwar ƙasa, ɗas, sai ga shi ya buɗe. Na sa bututu na fara zubawa. Sai na ji sanyi a ƙafata. Ina dubawa, wallahi fetur ne ke kwarara daga ƙarƙashin motar kamar an buɗe famfo. Na yi ihu na saki."

"Shi fa, me ya yi?"

"Ya duƙa ya leƙa ƙasa, ya miƙe ya yi salati, ya sake duƙawa. Shi ma duk ya jiƙe takalminsa. Ya fi ni rikicewa. Ya biya, ko canji bai tsaya karɓa ba, ya ja motar ya yi gaba."

"Za ki gane shi?"

"Dogo ne dai. Amma ya ja hula, ya rufe hanci da baki da takunkumi. Ba zan ɗauki alhakin wani ba."

Da suka koma mota Kofur ya buga sitiyari. "Dogon mutum! Mai waldan nan ne."

"Kofur, wa ya yanke bututun nan?"

"Shi."

"Mutumin da ya yanke bututu da hannunsa, makullin sabon tanki na aljihunsa, shi ne zai tsaya a zuba masa fetur a ƙasa, har ya duƙa yana salati?"

Kofur ya tayar da mota. Can ya ce, "To, ko wani ya ba wa ya fitar masa da ita."

"In kai ka ba wani mota ya gudu da ita, me za ka fara gaya masa? Ai wurin zuba mai. Wanda ya ja motar nan, babu wanda ya gaya masa komai. Amma ya san murfin da bakanikai suka kasa buɗewa."

Ta ji wani nauyi ya fara sauka daga ƙirjinta, amma ba ta yarda ta saki jiki ba. Tunani daban, shaida daban.

Ba su yi tafiya mai nisa ba suka samu motar. A hannun hagu akwai wata tsohuwar masana'antar bulo da aka daina aiki a ciki, kuma sawun manyan tayoyi ya sauka daga kwalta ya bi ta bayanta. Can suka tarar da ita a jikin katanga, an lulluɓe ta da yagaggen tampol, an danne da bulo. Ba abin da ya same ta. Ƙofofinta a kulle, akwatin ƙarfen na baya da ɗan kwaɗonsa, ba a ko taɓa shi ba. Mai ne ya ƙare mata.

Sufeto ta kira Likita. Ta ji ajiyar zuciyar matar ta cikin waya.

"Alhamdu lillahi! Lafiyarta ƙalau?"

"Ƙalau. Ke kaɗai ce a wurin? To, tambaya ɗaya. Murfin mai na gefe, yaya ake buɗe shi?"

"Wannan ai sai wanda ya san halinsa. Bugunsa ake a kusurwar ƙasa. Ni ma Dogo ne ya koya mini."

Maganar na fita daga bakinta ta yi salati.

"Ki ce ya kawo ki," in ji Sufeto. "Ki ce an ga mota, ana neman wanda zai tuƙa ta. Kada ki ƙara komai."

Ta aiki Kofur ya sayo fetur a jarka da mazurari, ya kuma roƙi manajan gidan man ya ba su aron ma'aikaciyarsa. Aka zaunar da matar a bayan motar 'yan sanda, inda take gani ba a ganinta. Sannan ta buga waya caji ofis ta ce a kawo Tartsatsi da makullansa, a kuma sanar da Baban Gareji.

Likita da Dogo ne suka fara isowa a ƙaramar mota. Dogo ya fito yana tafa hannu.

"Allah mun gode! Ranki ya daɗe, Allah ya ƙara basira. Ya faɗi inda ya ɓoye ta ke nan?"

"Ana dai bincike. Malam Dogo, an ce babu wanda ya san motar nan kamarka. Mai ne ya ƙare mata. Ga jarka nan, taimaka ka zuba kafin a kawo makulli, sai ka ja mana ita zuwa ofis."

"To, ranki ya daɗe."

Ya ɗauki jarkar ya nufi gefen motar. Hannunsa ya riga tunaninsa. Ya dunƙule shi ya bugi kusurwar ƙasa, ɗas, murfin ya buɗe. Ya kwance marufin ciki, ya sa mazurari, ya ɗaga jarka. Sai ya tsaya. Sufeto na kallon ƙafafunsa, ta ga sun ja da baya daga jikin motar.

"Zuba mana."

"Ranki ya daɗe, ina ganin gara a jira bakanike."

"Don me? Zuba mai ne fa."

"Ai motar da aka sata, ba a san abin da aka yi mata ba."

"Ba a yi mata komai ba. Zuba."

Ya ɗan karkata jarkar. Fetur ya ɗiga a bakin mazurari, ya janye da sauri.

"Zuba take," ya ce a hankali. "Ta ƙasa."

"Wa ya gaya maka?"

"Na gani ne."

"Yaushe? Tun da ka iso ba ka duƙa ba. Kuma da bakinka ka ce tun ranar da ka kai ta gareji ba ka sake sa ta a ido ba. Ranar kuwa ba ta zuba, kai ka tuƙa ta."

Ƙofar motar 'yan sanda ta buɗe, ma'aikaciyar gidan mai ta sauko. "Ranki ya daɗe, fuska ban gani ba. Amma bugun nan shi ne, kuma muryar ita ce."

Dogo ya ajiye jarkar a ƙasa, ya zauna a kan bulo. Kofur ya buɗe but ɗin ƙaramar motar. A ƙarƙashin safayar taya ya samu leda, a cikinta takalmi mai warin fetur, da babban almakashin datse ƙarfe. Makullin mota na biyu kuwa Dogo da kansa ya zaro shi daga cikin safa ya miƙa.

Ya ce ya daɗe da yanka shi, tun wata rana da makulli ya taɓa ɓacewa a daji suka sha wuya. Bai yi shi da mugun nufi ba a lokacin. Amma kwanan baya wani mai fasa dutse ya ce yana neman mota irin wannan ko ba takarda, shi kuma kullum in ya wuce garejin sai ya hango ta ta saman katanga, tana ƙara tsawo, tana ƙara kyau.

"Ni na san motar nan tun tana kuka kamar akuya," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ni na fitar da ita daga laka, ni na kwana a ƙarƙashinta. Da za ta yi kyau sai aka mai da ni mai ɗaukar jakar yara."

Likita ta daɗe tana kallonsa. "Dogo, da ka faɗa mini ai da na ji. Amma ɗazu a gabana ka nuna bawan Allah da bai ci ba bai sha ba, matarsa na tsaye da goyo."

Kofur ya sa masa ankwa.

Ana cikin haka motar caji ofis ta iso da Tartsatsi. A bayanta ga Baban Gareji a kan babur ɗin ƙanensa, ga 'yarsa ta sauko daga tasi. Suka tsaya cirko-cirko, sun ga mota, sun ga Dogo da ankwa, ba su gane kan abin ba. Sufeto ta tara su a inuwar katanga ta yi musu bayani.

"Da safe duk hankalinmu na kan makulli. Amma makulli ana iya yanka wani. Abin da ba a iya yankawa shi ne abin da mutum ya sani da abin da bai sani ba. Wanda ya saci motar nan ya san tsohon halinta, ya buɗe murfin da ku bakanikai kuka kasa. Amma bai san tanki ya tashi daga wurinsa ba, har ya sa aka zuba masa fetur a ƙasa. Ku uku na gareji kun san sabon, ba ku san tsohon ba. Likita ta san duka biyun. Mutum ɗaya ne ya san tsohon bai san sabon ba, kuma shi ne ya makara aiki yau. Da ba shi da laifi, da ya zuba man nan ba tare da ɗar ba, ya jiƙe ƙafa, mu ba shi haƙuri. Tsayawar da ya yi ita ta kama shi."

Ta juya wurin Tartsatsi. "Malam, ni na sa aka tsare ka. Ka yi haƙuri."

Ya gyaɗa kai. Matarsa, wadda tun safe idonta a bushe, sai yanzu ta durƙusa ta fashe da kuka, tana dariya a cikin kukan. Mai wayarin ya ce, "To, 'yar Yaya, da aka kama shi ba ki yi kuka ba, sai da aka sake shi? Ko so kike a mai da shi?" Har Likita sai da ta murmusa.

Tartsatsi ya buɗe bayan motar, ya cire ɗan kwaɗon, ya zuba man a inda ya dace. Mai wayarin ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari yana gunaguni, ya ce ba mai tashi da motar nan sai ya haɗa geji, ko da za a kai magariba. Wannan karon ba wanda ya ce ya yi sauri. Sufeto ta sa aka ɗauki hotunan motar ta kowane gefe, Likita ta sa hannu, aka ba ta izinin tafiya da ita. Da aka murɗa makulli injin ya tashi, allurar ta ɗaga a hankali ta tsaya, sai kowa ya yi hamdala a lokaci guda.

Baban Gareji kaɗai ne bai matso ba. Sai da Likita ta ja motar, ƙurarta ta lafa, sannan ya tako wurin surukinsa. Ya tsaya a gabansa yana juya hula. Sufeto, da ke shirin shiga mota, ta dakata.

"Ɗana," ya ce. "Da safe an tambaye ni, na kasa buɗe baki. Na san ka ji."

"Na ji, Baba."

"To."

Ya laluba aljihu ya fito da sabon kwaɗo da ya saya a hanya, makullansa na rataye a jiki. Ya cire su duka, bai rage ko ɗaya ba, ya kama hannun Tartsatsi mai tabon ƙuna ya zuba masa a ciki, ya rufe yatsun da nasa.

"Daga gobe kai za ka riƙa buɗe gareji. In na zo na tarar a rufe, zan jira ka a waje."

Tartsatsi ya kalli makullan, ya kalli tsohon. "Baba, ai rana ba ta faɗi ba. Bas ɗin nan tana can tana jiranmu."

Sufeto ta shiga mota ta jingina da kujera, ta sauke numfashi mai tsawo.

"Ofis, ranki ya daɗe?" in ji Kofur.

"Mu fara mai da baiwar Allah nan wurin aikinta. Ina so in ga manajan nan, in gaya masa da bakina cewa ba barci take yi ba."